Me lauya ke nema a shari'ar kisa idan hujja ta yi wa wanda yake karewa yawa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Masana shari'a, a ƙara mana haske. A manyan shari'o'in kisa irin na Maryam Sanda, inda gari ya gama yanke hukunci tun kafin alƙali ya zauna, me lauyan wanda ake tuhuma yake fatan samu? Kuma me ya sa wanda ya amsa laifi da bakinsa sai a rubuta masa bai amsa ba?

Barista Na-Zazzau: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya ce shi ya aikata, kotu "bai amsa ba" take rubutawa, don dole masu gabatar da ƙara su kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba.

Abin da ke tsara komai shi ne sashe na 221 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa. Idan aka kama mutum da laifi a ƙarƙashinsa, alƙali ba shi da zaɓi, rataya ce, roƙon sassauci ba ya sauya komai. Saboda haka lauya ko dai ya karya ɗaya daga cikin abubuwa uku (an mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, ya yi da niyya ko da sanin mutuwa za ta iya biyo baya), ko ya ja shari'ar zuwa sashe na 222, wato tunzurawa mai tsanani nan take, faɗan ba-zata, ko wuce iyaka wajen kare kai. In ya dace, hukuncin ya koma sashe na 224, ɗauri ne. Sau da yawa nasarar ke nan.

Hajiya Lauya: Barista ya faɗi gaskiya, amma inda ake yin ɓarna shi ne zaɓen labari. Maryam Sanda ta tsaya a kan cewa mijinta, Bilyaminu Bello, faɗuwa ya yi kan fasasshiyar tukunyar shisha. Lauyoyinta sun jingina da cewa ba a yi binciken gawa ba, ba a kuma gabatar da wuƙa ba. Mai shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Abuja bai gamsu ba: ita ce ta ƙarshe da aka gani da shi da rai, bayaninta kuma bai dace da sauran shaidu ba. Ya yanke hukuncin rataya a Janairun 2020, daga baya Kotun Ƙoli ta tabbatar. Wanda ya ce tsautsayi ne, ya rufe wa kansa ƙofar cewa tunzura shi aka yi, don ba za ka ce ban soka ba sannan ka ce da zafin zuciya na soka. A ganina nan ne lauya ya fi bukatar dogon nazari kafin a buɗe baki.

Kare kai ma ba ya da sauƙi. A shari'ar Sunday Jackson ta Adamawa, manomin da ya kashe makiyayin da ya ce ya kai masa hari da wuƙa, Kotun Ƙoli a 2025 ta ga cewa da ya ƙwace wuƙar, barazanar ta kau, don haka ta bar hukuncin kisan.

Magatakarda: Kada a manta da takardar 'yan sanda. Idan duka aka yi aka karɓi ikirari, a daidai lokacin da aka miƙa takardar lauya zai tashi ya ƙalubalance ta bisa sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011, sai a tsaya a yi ƙaramar shari'a a kanta. In ya yi shiru ta shiga, gyara ya yi wuya. Haka wanda zai ce ba ya wurin, tun a caji ofis zai faɗi inda yake da waɗanda yake tare da su, don a bincika. Kuma duk wata ƙorafi a sa alƙali ya rubuta ta, domin Kotun Ɗaukaka Ƙara abin da ke cikin kundin shari'a kawai take dubawa, kwana 90 kuma ake da su na shigar da ƙara.