Wai Ivan Cleary ne ya raini yaran Penrith ko tararwa ya yi?

Kawu: Ni dai na faɗa kuma ban janye ba, duk wasan rugby league ɗin Ostareliya babu kocin da ya kai Ivan Cleary na kulob ɗin Penrith da ke yammacin Sydney iya rainon 'yan gida. Kofin NRL, babbar gasarsu, huɗu a jere daga 2021 har 2024, kuma ba wai ya shiga kasuwa ya kwaso taurari ba, Jarome Luai da Brian To'o da Stephen Crichton duk yaran yammacin Sydney ne, nan suka taso nan suka fara wasa.

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, amma wallahi tuwo ya tarar an tuƙa shi dai kwashewa ya yi. Phil Gould ne ya zo kulob ɗin a matsayin babban manaja a 2011 ya shimfiɗa tsarin matasan, akademin nan da ake ta zuzutawa a 2016 aka buɗe ta, lokacin ma an sallami Cleary daga zamansa na farko a kulob ɗin tun ƙarshen 2015, sai 2019 ya dawo daga kulob ɗin Wests Tigers. Kai ko ɗansa na cikinsa Nathan ai a hannun Anthony Griffin, kocin da ya gaji Cleary, ya buga wasansa na farko, haka Dylan Edwards haka Luai.

Kawu: To ɗana, Griffin ɗin da yaran ke hannunsa me ya ci da su?

Auta: Wannan kuma wata maganar ce 😂

Yaya Babba: Ku duka kun manta da Craig Bellamy. Mutumin nan tun 2003 yake horar da kulob ɗin Storm na Melbourne, garin da hankalin jama'a na kan wata ƙwallon daban, AFL, babu wani rumbun yara a bayan ɗakinsa irin na Penrith, amma dubi abin da Cameron Smith da Billy Slater da Cooper Cronk suka zama a hannunsa, Smith har wasa 430 ya buga a NRL. Ni a wurina raino shi ne ka ɗauko yaron da ba a san da zamansa ba ka mai da shi abin kwatance.

Malama: Yaya a yi haƙuri, ukun nan da ka lissafa ai duk 'yan jihar Queensland ne, ɗauko su aka yi. Ɗan asalin rainon jihar Victoria, inda Melbourne take, na farko da ya buga wa Storm shi ne Mahe Fonua, sai a 2012. Gyaran ɗan wasa daban rainon ɗan gida daban. Kuma kar a sa in tuno kofunan 2007 da 2009 da aka ƙwace musu saboda sun tsallake iyakar albashin da aka yarda kulob ya biya 'yan wasansa.

Yaya Babba: Ke dai ba kya raga wa Storm. In haka ne a Penrith ɗin Isaah Yeo ɗan Dubbo ne, Liam Martin ɗan Temora, James Fisher-Harris ma daga New Zealand ya zo, su ma 'yan gida ne?

Malama: Da ƙuruciya suka shigo, suka bi ƙananan ajin kulob ɗin.

Yaya Babba: Su Slater fa da furfura suka je Melbourne?

Kawu: Ni abin da ya sa na tsaya kan Cleary ba wai wa ya fara saka wa ba ne. Iyakar albashin nan kusan duk shekara sai ta raba shi da manya, Matt Burton ya tafi, Kikau da Koroisau suka bi, Crichton da Spencer Leniu ma suka tattara, shi kuwa maimakon ya ruga kasuwa sai ya miƙa hannu ƙasa ya ɗauko yaro irin Izack Tago ya ba shi riga kuma har 2024 kofi bai fasa zuwa ba. Koci nawa ne ke da zuciyar yin haka alhali in an sha kashi shi za a kora?

Auta: Ai a 2022 Penrith ta cinye har NSW Cup da Jersey Flegg da SG Ball, gasannin ƙananan aji, Kawu shi ne ya horar da waɗannan ma? Maganar Guardiola da La Masia, akademin Barcelona, ce dai ta dawo.

Kawu: Guardiolan ma ai ba ka taɓa yarda da shi ba, tashi ka kawo min caja ta.