An ba yarona fiziks a KNUST: mu karɓa ko ya jira baɗi?

Tela na Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Babban ɗana ya nemi injiniyan lantarki a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da muke kira Tech, sai aka ba shi fiziks. Kawunsa ya ce ya haƙura, ya sake rubuta jarrabawar lissafi, ya riƙe masa shagon gyaran waya a Adum kafin baɗi. Shi kuma yaron ya kafe yana so. Ni ɗinki na sani. Me ake karantawa a ciki, kuma wane aiki ake samu? Ranar biyan kuɗi ta matso.

Hajiya Mai Waake: Alhaji ku sa shi aikin nas kawai. 'Yar ƙanwata shi ta yi, ga ta nan tana cin gashin kanta.

Ticha Asawase: Wa alaikumus salam Alhaji. Fiziks shi ne binciken dokokin da abu da makamashi ke bi: motsi, zafi, haske, sauti, lantarki, maganaɗisu, tun daga ƙwayar zarra har taurari, kuma da awo da lissafi ake tabbatar da komai. Ku dubi kekenku: ku taka feda, babbar ƙafa ta yi juyi ɗaya, bel ya juya ƙaramar sau da yawa, allura ta yi ta sauka. Darasin farko ke nan. Haka ruwan madatsar Akosombo ke juya injin, maganaɗisu ya haifar da wuta a cikin waya tun 1965. Injiniya a kan wannan yake gini. Aiki kuwa: a asibitin Komfo Anokye masu fiziks ne ke auna hasken da ake gasa ciwon daji da shi. Akwai hukumar nukiliya a Kwabenya, akwai faifan sauraren sararin samaniya mai faɗin mita 32 a Kuntunse da aka buɗe a 2017, akwai masu auna ƙarƙashin ƙasa a wuraren zinariya irin Obuasi. Amma gaskiya, yawancinsu sai da digiri na biyu.

Yaya Babba: Ticha, a takarda ne duk wannan. Ƙanena fiziks ya yi a wata jami'a. Ni na sayar da filina na biya. Ya gama bautar ƙasa, ya yi ta yawo da fayil har takalmi ya huje. Ƙarshe wata makarantar kuɗi ta ɗauke shi, yana koyar da fiziks da lissafi da kimiyya duka shi kaɗai, albashi sai an ga dama. Ranar da ya je karɓar bashinsa mai makarantar ya ce yara ba su biya ba, ya miƙa masa kuɗin mota. Yanzu sola yake haɗa wa mutane. Uwarmu har ta rasu tana tambaya, "Wai shi likita ne ko me?"

Ticha Asawase: Allah ya jiƙan Mama. Amma solar da yake ci da ita fa, fiziks ce.

Yaya Babba: Wani yaro a layinmu bai wuce JHS, wato ƙaramar sakandare, ba, shi ma yana haɗawa. Kai malami ne, dole ka yabi hajarka.

Ɗalibar Tech: Yaya, da girmanku, labarin mutum ɗaya ne. Ni ina ciki yanzu. Abin da za a tambayi yaron shi ne ƙarfinsa a lissafi, don nan mutane ke zubewa. Farfesa Allotey ɗan Saltpond ne, da wannan fannin duniya ta san shi.

Yaya Babba: Ke da ba ki gama ba? Bari ki fito tukuna.

Ɗan Trotro: Ni dai in ya gama ya zo ya bayyana mini dokar da ke sa motata mutuwa daidai gaban 'yan sanda.

Tela na Aboabo: Jama'a, ɗakin kwana fa? Nawa ne?

Ɗalibar Tech: A Ayeduase kusa da jami'ar na biya sidi 4,500, mu huɗu a ɗaki.

Hajiya Mai Waake: Ina! Maƙwabciyata 8,000 ta biya a Kotei.

Ɗan Trotro: Daga Aboabo zuwa Tech Junction har sai an kama ɗaki? Ya kwana gida.

Ɗalibar Tech: Ya yi karatu da wace wutar? Gidan haya mai mita ɗaya?

Hajiya Mai Waake: Yauwa, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Gidanmu ɗaki tara, mita ɗaya. Ni ƙwan fitila biyu da fanka, ana raba mini daidai da mai firiza da dutsen guga. Ticha, fiziks ɗinku ya ce me?

Ticha Asawase: Ya ce an cuce ki, Hajiya. Dutsen guga yakan ja wat 1,000 ko fiye, ƙwan LED wajen 10. Awa ɗaya na gugarsa ya kai awa ɗari na ƙwanki.

Yaya Babba: To je ka faɗa wa mai gidan haka, ka ga ko zai saurare ka.

Hajiya Mai Waake: Mai firizar ai ɗan mai gidan ne.