Gonar gado: nawa ya rage a hannunku?

Baban Halima, Bichi: Assalamu alaikum jama'a. Ina so kowa ya faɗi yadda rabon gona ya kasance a danginsu. Mu dai gonar da kakanmu ya noma a gandu, ya cika rumbu har ya bar wani gefe ya huta, an yanka ta an sake yankawa. Kason da ya faɗo mini, kana wannan iyaka kana jin tarin maƙwabci a waccan. Geron ba ya kai mu bazara, ga wuta-wuta ta cinye ƙasar. Hutun gona kuwa, yaranmu ba su ma san ana yi ba.

Ɗan Tasawa: Wa alaikumus salam. Mu nan jihar Maraɗi abin ya fi haka. Ƙidayar 2012 ta ce mutanen Nijar sun haura miliyan 17, daga nan zuwa yau suna nawa aka raɗa? Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. A yunwar 2005 babanmu ya jinginar da gona guda, har ya rasu ba a fanshe ta ba. Abin da ya ɗan rufa mana asiri shi ne barin itace. In ana sassabe ba ma tumɓuke tohon gawo, sai mu zaɓi reshe mai ƙarfi mu rage sauran. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma dabbobi na kwana a inuwarsa suna zuba taki. Je ka duba zangarniyar da ke gindinsa, ba ta yi kama da ta fili ba.

Maman Sadiq, Kumbotso: Ni ko taƙi ɗaya ban samu ba. Yayyena suka ce in aka raba ba mai samun abin kirki, gara a sayar a raba kuɗi. Mai sayen ya yanka fulotai, yanzu gidaje ne reras inda muke roron gyaɗa. Kuɗin sun tafi a hidimar aure, yau da kwano nake awo.

Jauro: Ku manoma in gona ta yi muku kaɗan burtali kuke ci. Hanyar da muke bi da shanu zuwa mashaya yanzu dawa ce hagu da dama, saniya biyu ba sa jerawa. In ta kai baki kuma a ce ɓarna.

Manomin Kura: Jauro, gaskiyarka, amma yunwa ce ke turo mu. Mu ruwan madatsar Tiga ne gatanmu: shinkafa da damina, tumatir ko alkama da rani, duk a ɗan fegi guda. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023, waɗanda ke ban ruwa da inji sun ji jiki, ga tsadar taki. Ɗan Tasawa, shi gawon shekara nawa yake yi kafin a ga amfaninsa? Akwai toho biyu a gonar tudunmu, na hana yara sarewa.