Muhawara: Shin hukuncin Hegel a kan Afirka daga cikin falsafarsa ya tsiro?

Malamin Falsafa: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in ajiye wata da'awa a gabanku domin a auna ta da hujja. A laccocin da Hegel, masanin falsafa Bajamushe, ya gabatar a Jami'ar Balin kan falsafar tarihi tsakanin 1822 da 1831, ya raba Afirka gida uku: ya jingina arewacinta ga Turai, ya haɗa Masar da Asiya, sannan ya ce ƙasashen kudu da Sahara ba sa cikin tarihin duniya, domin a ganinsa babu wani motsi ko cigaba a cikinsu da za a nuna. Da'awata ita ce wannan hukunci daga cikin tsarin falsafarsa ya tsiro. Shi ne ya ce tarihi tafiya ce guda ɗaya ta Ruhi zuwa ga sanin 'yancin kansa, wadda ta faro daga Gabas inda aka ɗauka mutum ɗaya ne kaɗai ɗa, wato mai 'yanci, ta ratsa Girka da Rum inda aka ɗauka wasu ne 'ya'ya wasu bayi, ta tuƙe a duniyar Jamusawa Kirista inda aka gane kowane ɗan Adam ɗa ne. Wanda ya jera al'ummai a kan tsani irin wannan, tilas ya sami waɗanda zai bari a ƙasa.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba, ko da yake maganar Hegel ɗin ta yi mini zafi ranar da na fara karanta ta, har na rufe littafin na kwana biyu ban koma kansa ba. Laccocin nan ba Hegel ne ya buga su da hannunsa ba. Ɗalibinsa Eduard Gans ne ya harhaɗa su daga rubutun malamin da na masu sauraro ya fitar a 1837, sannan ɗansa Karl ya faɗaɗa su a 1840. Littafin da ya rubuta da kansa a Jena, wanda ya fito a 1807, yana ɗauke da babin ubangida da bawa, kuma abin da babin yake koyarwa ya saɓa wa wancan hukunci. Ubangida yana neman a yarda da darajarsa, amma wanda yake neman yardar daga wurinsa mutum ne da shi kansa ya mayar ba kowa ba, don haka yardar ba ta ƙosar da shi. Shi kuwa bawa, kamar maƙerin da ya ɗauki guntun ƙarfe ya hura zugazugi ya yi ta duka har garma ta fito, yana ganin hankalinsa a jikin abin da hannunsa ya ƙera, kuma ta nan yake fara sanin kansa. Da wannan babi Frantz Fanon, marubuci mai adawa da mulkin mallaka, ya yi aiki a 1952 wajen fayyace halin baƙar fata a ƙarƙashin mulkin mallaka, duk da ya nuna inda babin ya gaza.

Malamin Tarihi: Malama, zancen Gans ba zai wanke Hegel ba, domin maganar ta maimaitu a rubutun ɗalibai na shekaru daban-daban. Uzurin da aka fi kawowa shi ne wai labarin Afirka bai isa Turai ba a zamaninsa, to, wannan ma ba ya tsayawa. A 1824 Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya shiga Kano, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma littafin tafiyarsu da abokin tafiyarsa Denham da aka buga a Landan a 1826 yana ɗauke da fassarar wani yanki na Infaƙul Maisur, wato tarihin ƙasashen Takrur da Bello ya rubuta. Ke nan shekara biyar kafin rasuwar Hegel akwai littafi a Turai mai nuna daula da alƙalai da malamai masu rubuta tarihin kansu. Abin da ya karanta ma bai riƙe shi da amana ba: masanin falsafa Robert Bernasconi ya gwada laccocin da littafin da Baturen Ingila Bowdich ya fitar a 1819 kan masarautar Asante da ke Gana ta yau, ya nuna yadda Hegel ya ƙara gishiri a labaran zubar da jini. Akwai kuma abin da ya fi kusa da shi. Anton Wilhelm Amo, haifaffen Axim a Gana ta yau, ya sami digirin dakta a Wittenberg a 1734, ya koyar da falsafa a Halle da Jena, jami'ar da Hegel ya fara koyarwa a cikinta a 1801.

Malamin Falsafa: Na gode, Malam. Wannan ya ƙarfafa da'awata, domin mai ƙarancin labari yakan yi shiru, mai ƙara gishiri kuwa ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe littafi.

Dattijo Mai Ritaya: Ku yi haƙuri da tsoho, amma kuna magana kamar Hegel ne kaɗai makarantar falsafar Jamus ta zamaninsa. Tushenta masanin falsafa Immanuel Kant ne, wanda ya nuna a 1781 cewa ba ma sanin abu yadda yake a karan kansa, sai yadda ya bayyana gare mu ta cikin wuri da lokaci da ma'aunan fahimtarmu. Wannan iyaka ce da ya shata wa hankali, kuma masanan da suka biyo bayansa, Fichte da Schelling da Hegel, duk sun yi ƙoƙarin tsallake ta. Kant ɗin ma ya faɗi munanan maganganu a kan baƙar fata a 1764, amma a littafinsa kan dawwamammen zaman lafiya na 1795 ya soki Turawan da suke zuwa ƙasashen mutane su ɗauke su kamar ba su da masu su. Koyarwarsa cewa kada a mayar da ɗan Adam kayan aiki kawai ba ta bar masa wata mafita ba. Don haka idan akwai laifi, a nemi shi a wurin wanda ya cire iyakar.

Malamin Falsafa: Baba, a nan muka haɗu. Da Hegel ya cire iyakar nan, sai ya wayi gari yana ganin hankali zai iya karanta manufar tarihi gaba ɗaya, kuma a laccocin nan ne ya ce bauta zalunci ce a asalinta, amma ya ɗauke ta matakin tarbiyya, ya fifita kawar da ita sannu a hankali. Ya faɗi haka ne shekaru kusan ashirin bayan bayin Haiti sun ƙwaci 'yancinsu da hannunsu a 1804.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Malam, na karɓi maganar falsafar tarihi, domin tsanin al'ummai nasa ne kuma babu mai sauke masa shi. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce duk ginin ya rushe tare da shi. A sashe na 209 na littafinsa kan falsafar haƙƙi ya rubuta cewa mutum yana da daraja saboda shi mutum ne, ba don Bayahude ne ko Katolika ko Furotesta ko Bajamushe ko Ba'itale ba. Gaskiya ne babu Ba'afirke a jerin, kuma na lura da hakan. Amma ina roƙon Malam ya nuna mana, daga cikin wannan jimla, kalmar da za ta iya hana Amo ko bayin Haiti shiga ƙarƙashinta.