Hita ta saman rufi ko in ƙara fanel na sola? Ina neman shawara

Ɗan Arkilla:
Assalamu alaikum jama'a. Ginina ya kai rufi, fulamba na jirana in gaya mishi yadda za a ja fayif. Damuwata ruwan zafi ne, kun san hunturun Sakkwato, Disamba da Janairu ruwan tanki ba ya taɓuwa da asuba, ga tsohuwa za ta dawo wajena ga yara 'yan makaranta. Wani ya ce in sa hitar lantarki in jona da inbata tunda dama zan sa sola, wani kuma ya ce akwai wadda ake ɗorawa bisa rufi rana ta dafa ruwan kai tsaye. Wacce ta fi? Kuma sola za ta iya ɗumama ɗakin tsohuwa da dare?

Injiniya Mabera:
Wa alaikumus salam. Alhaji don Allah kar ka soma jona hita da inbata, hita guda tana jan wat 1500 zuwa 3000 kuma da asuba kake son ruwan lokacin babu rana, ke nan batir ne zai sha wahala ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Ta bisa rufin ka saya mai bututun gilashi, ba ta cin wuta ba ta son injin turo ruwa, ruwan da ya yi zafi da kanshi yake hawa tankinta, mai sanyi kuma ya sauko, kuma tankin yana riƙe zafi kamar filas, abin da rana ta dafa da la'asar shi za ka tarar da asuba. Lita 200 za ta ishe ku in ba ku kai goma ba. Ta fuskanci kudu, tankinka na ruwan sanyi ya zauna sama da ita, fayif ɗin ruwan zafi kuma a sa PPR mai jure zafi, ba PVC na ruwan sanyi ba. Ka gaya ma kafinta tun yanzu, ruwan kaɗai kilo 200 ne, in katako ba zai ɗauka ba a yi mata dakali na ƙarfe.

Maman Hanifa:
Yaya mu muna da ita, wallahi ko wankan jego itacen da munka saya bai kai rabin na da ba. Amma hazo yana rage mata ƙarfi sosai, sai an hau an goge ƙurar da tsumma mai laima da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Bazara kuma ruwan kusan tafasa yake yi, a sa maka bawul mai gauraya shi da na sanyi saboda yara.

Malam Bado:
Maganar ɗumama ɗaki ka bar ta, sanyin mako nawa ne duka? Ka yi silin mai kyau, tagogi su rufu ruf, ka sai ma Inna bargo mai kauri. Kaskon gawayi dai kar a kwana da shi ɗaki a rufe, iskar da yake fitarwa ba ta wari kuma tana kisa. In ruwan burtsatse za ka sa, duba butar shayinku, in tana farin ɓawo haka zai taru cikin bututun sai ana wankewa. Ka leƙa cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ɗanfodiyo, sun daɗe suna aiki kan irin wannan.

Ɗan Arkilla:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Injiniya in bututu guda ya fashe ana samun canjinshi nan cikin gari ko sai an aika Kano?