Shafukan duba jaruman gem: wanne kuke amfani da shi, kuma me kuka gani?

Ɗan Hindawiyya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu Hausawan Saudiyya masu buga gem irin wanda mutum ke rainon jarumi wata da watanni wlh muna da yawa, amma a warwatse muke, wani Makka wani Jidda wani Riyad, kowa na bugawa da Larabawa ko Turawa bai san ɗan uwansa na kan saba ɗaya da shi ba, wato reshen gem ɗin da ake haɗa 'yan yanki ɗaya a kai. So nake in haɗa mana jeri kowa ya sa linkin jaruminsa mu san juna. Amma kafin nan dan Allah kowa ya faɗi shafin da yake duba nasa da abin da ya gani a kai, mai daɗi ko mara daɗi, kar in tara mutane a kan abin da zai cutar da su.

Ni Genshin Impact nake bugawa, kuma Enka.Network nake buɗewa kullum. Lambar UID, wato lambar shaidarka a cikin gem ɗin, kawai yake so, ba imel ba faswod. Kana sa lambar zai fito maka da jaruman da ka jera a furofayil ɗinka, da makamin kowanne da kayan nan biyar, fure da gashin tsuntsu da agogon yashi da kofi da kambi, kowanne da lambobinsa, ya haɗa maka su a kati ɗaya mai kyau ka sauke ka tura WhatsApp. Sharaɗi dai sai ka kunna nuna bayanan jarumai daga cikin gem ɗin, in ba haka ba shafin ba zai ga komai ba. Mu nan yawanci sabar Turai muke, shi ya sa lambobinmu ke farawa da 7.

Direban Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka da wannan tunani. Ni tsohon hannu ne, World of Warcraft nake yi tun ina saurayi. Lokacin da Blizzard ta buɗe shafin Armory a 2007 abin ya zame mana sabo, da can sai mutum ya tsaya kusa da kai a cikin gem kafin ka ga abin da ya sa a jiki, sai ga shi daga kwamfutar shagon intanet ka rubuta sunansa da sunan saba komai ya fito. Yanzu kam an wuce nan. Raider.IO ne ke ba ka maki a kan kurkukun Mythic+ da ka gama, wato wuraren faɗa masu wuya da mutum biyar ke shiga tare, Warcraft Logs kuma shi ke auna ɓarnar da ka yi wa kowane bos, wato babban dodo, ya jera ka da sauran masu irin jaruminka, ya ba ka kala. Ƙasa da 25 toka, zuwa 49 kore, zuwa 74 shuɗi, zuwa 94 shunayya, daga 95 ruwan lemo, 99 hoda, 100 zinariya.

Abin da ke min ciwo shi ne wannan. Ni mai dawam ne, wato lokacin aiki, wata rana dare wata rana safe, makon ma ranar Laraba yake sabuwa a sabar Turai, kafin in samu hutun Juma'a da Asabar mutane sun riga sun yi nisa. Sai ka nemi shiga ayari, mai ayarin ya ɗora linzami a kan sunanka ya ga maki kaɗan ya ƙi ka, ko sallama babu, ka nemi wani ya ƙi ka, ka zauna kana kallon allo shayinka na hucewa, alhali kurkukun nan ka san lungunsa sarai lokaci ne kawai ba ka da shi. Makin ba ƙarya yake ba, abin da ka buga yake ƙirgawa, amma bai san kai mai iyali ba ne. Shi ya sa nake goyon bayan jerin nan ɗari bisa ɗari, in mu biyar muka haɗu ba mai tambayar wani maki.

Ɗan Karantina:
Baba Direba gaskiya ka faɗa amma ni kalar nan ta taimake ni fa. Na daɗe a toka ban san dalili ba, wani Bamisire a ƙungiyarmu ya buɗe rahoton faɗan ya ajiye nawa kusa da na wani mai shunayya, ya nuna min akwai wani bugu da ya kamata in riƙa sakewa da zarar ya dawo ni kuma ina ɓoyonsa sai ƙarshen faɗa. Abin nan kaɗai na gyara na hau shuɗi. Kuma ku sani ko ba kai ka ɗora rahoton ba, in mutum ɗaya a ayarin yana ɗorawa sunanka zai fito, wanda ba ya so sai ya shiga ya ɓoye nasa, akwai wurin yin haka.

'Yar Madina:
Slm yayyena. Ni ma Genshin ce, a jawwal, wato wayar hannu. HoYoLAB na fi buɗewa tunda na kamfanin ne da kansa, ina duba resin, wato kuzarin da ake kashewa a karɓi lada a gem ɗin, ba sai na shiga gem ba, ɗaya yake ƙaruwa duk minti 8 har ya cika 200, to ina jami'a zan leƙa in san ko ya kusa cika. Ranar gem ɗin ma ƙarfe 6 na safe take juyawa a agogonmu, bayan asuba kenan.

Amma yaya Ɗan Hindawiyya ka yi tunanin mu mata a jerin nan. UID ɗin yana nan rubuce a ƙasan allo gefen dama a duk hoton da ka ɗauka, kuma da shi ake turo neman abota. Na taɓa tura katin jarumata a wani guruf don a ba ni shawarar kofi, shawarar ba ta zo ba sai buƙatun abota, wasu su shigo suna tambaya ke 'yar ina ce, kina da Snap, shekarunki nawa. Tun daga nan nake goge lambar kafin in tura, kuma na cire sunana na gaskiya daga furofayil. In za a yi jerin a bar mu mu sa gem da saba kawai, lamba kuma mu ba wadda muka yarda da ita.

Ɗan Hindawiyya:
An karɓa 'yar uwa, haka za a yi. Wannan shi ne dalilin tambayar tun farko.

Baƙon Mai Wurno:
Salamu alaikum jama'a. Ni daga Sudan na zo, yanzu ina Jidda wajen kawuna. Labarina ya ɗan bambanta da naku, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Mu can Old School RuneScape muka fi bugawa ni da ɗan gwaggona, saboda ba ya cin data kuma tsohuwar waya ma tana ɗauka tunda aka fito da shi a waya a 2018. Shi mutumin kamun kifi ne a gem ɗin, zai iya wuni a bakin ruwa, burinsa ya kai mataki na 99, kuma masu bugawa sun san 99 maki 13,034,431 ne, in ka kai 92 ma rabi ka yi. Muna da shafi Wise Old Man, suna kawai kake sawa ya ɗauko lambobinka daga jerin Hiscores na gem ɗin ya ajiye, gobe in ka sabunta ya faɗa maka abin da ya ƙaru da ranar da ya ƙaru. Da can gasa muke da shi, wa ya fi wani a mako.

Da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 muka rabu, ni Allah ya yi min hanya na fito shi ya tsaya da gwaggo. Muna waya har Fabrairun 2024 da layuka suka ɗauke a ƙasar. Bayan sabis ya fara dawowa wasu wurare kowa ya ji daga nasa, ni shiru, lambarsa a kashe, WhatsApp ɗinsa alama ɗaya. Ban san me ya sa ba sai na riƙa buɗe shafin nan duk bayan sallar isha'i ina danna sabuntawa a kan sunansa, lambobi na nan tsaye yadda ya bar su. Wani dare ina kan tabarma a soron kawu na danna, sai ga kamun kifi ya motsa, ɗan kaɗan ne wlh bai kai a ce an yi wasa ba, amma ya motsa. Jikina ya ɗau rawa na sauko da gudu na nuna wa kawu, shi bai san mene ne gem ba ya ce me wannan lambar ke nufi, na ce kawu wani ya shiga da sunansa yau, kuma ba wanda ya san faswod ɗin sai shi. Daga ranar na bar gem ɗin a buɗe ina jira har jerin abokaina ya nuna ya shigo. Ashe wayarsa aka ƙwace a hanya da suna gudu, lambobin kowa sun tafi da ita, bai haddace tawa ta Saudiyya ba amma ya haddace faswod ɗin gem, sai ya ari wayar wani ya shiga ko Allah zai sa in gani. Suna Gadarif shi da gwaggo, lafiya lau.

To ni dai duk wanda ya ce min shafukan nan na nuna isa ne kawai ba zan yi musu da shi ba, amma ni abin da na gani kenan.

Direban Riyad:
Allahu akbar. Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan ɗana, ya haɗa fuskokinku. Ka gaida kawu.

Maman Yara Jidda:
Amin ya Allah, har na yi hawaye. Ni ba na bugawa, ɗana ne ya nuna min zancen nan ya ce in faɗi namu. Yaron nan shekara da shekaru yake tara jarumansa, kuɗin sallarsa ma a shahan ɗin gem, wato zuba kuɗi a ciki, yake tafiya. Wani ya turo masa linki wai shafi ne mai duba jarumi kuma yana ba da duwatsun gem kyauta, kalarsa da tambarinsa sak na gaske, aka ce ya sa imel da faswod, sannan lamba ta shigo imel ɗinsa aka ce ita ma ya sa. Kafin la'asar an canza komai. Ya kwana biyu ko abinci ba ya ci sosai. Abin da ya fi tayar min da hankali faswod ɗin shi ne na imel ɗinsa kuma katina na banki, mada, na maƙale a wayar, sai da na kira banki aka tsayar. Ku manya dan Allah ku riƙa faɗa wa ƙanana, yaro ba zai bambance ba.

Ɗan Karantina:
Sannu anti, Allah ya mayar da alheri. Ku gaya masa yawancin waɗanda muka ambata suna ko lamba kawai suke so kafin su nuna jarumi. Wanda ke buƙatar shiga kamar Raider.IO in za ka haɗa jarumanka wuri ɗaya, tura ka yake shafin Battle.net ɗin kansa, ka duba adireshin da ke sama da kyau kafin ka rubuta komai. Lambar da ke shigowa imel ko jawwal kuwa ba a ba kowa, kamar dai ta banki. Kuma ya nemi rasit ɗin shahan na farko da ya yi, masu gem suna tambayar irinsa in mutum na neman a dawo masa da akawun.

Malamin Misfala:
Ni Albion Online nake taɓawa, tunda aka buɗe sabar Turai a 2024 ya fi mana sauƙi. Allon kisa na gem ɗin na nuna wa ya kashe ka da kayan da ke jikinka lokacin, da shi ƙungiya ke biyan mutum asararsa in ya faɗi a yaƙinta, ba gardama. Sai dai ina da jan hankali ɗaya ga ƙannena. Shafukan nan lokaci ma suna rubutawa. Duk mai linkinka zai iya ganin ƙarfe nawa ka gama kurkuku ko ƙarfe nawa aka kashe ka, ko lokacin dawam ne ko lokacin tarawihi. Mutum ya san wannan kafin ya raba, kuma in ya buɗe nasa ya ga dare nawa ya tafi a ciki, ya yi wa kansa hisabi.

Ɗan Hindawiyya:
Na gode malam, na gode kowa. Ga yadda zan yi, zan buɗe takarda a Google Sheets, gida huɗu kacal, laƙabi, gem, saba, sai linki ga wanda ya ga dama. Ba sunan gaskiya, ba lambar waya, ba unguwa. Ba zan sa gidan maki ba saboda maganar Baba Direba. 'Yan uwa mata su bar gidan linki fanko. Ni kaɗai zan riƙa gyarawa, mai son a cire shi ya yi min magana a cire a take.

Baƙon Mai Wurno:
Ka sa ni yaya, RuneScape. Ka bar layi ɗaya a ƙasan nawa, zan tambayi ɗan gwaggona in ya samu sabis ko ya yarda a sa nasa, yanzu yana 94 a kamun kifi.