Tun da na canza kamshaf motata ke shan mai ba ji ba gani, a taimaka da shawara

Abu Hanif:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sanin injin ku taimaka min, wallahi kaina ya kulle. Motar nan ta babanmu ce Allah ya jiƙansa, bayan rasuwarsa duk ƴan uwa suka ce a sayar tunda silinda takwas ce ba mai iya riƙe ta, ni kaɗai na dage a bar min ita saboda a cikinta na koyi tuƙi, tun ina ɗan ƙarami ni nake wanke ta, kuma ko yanzu in na shiga ƙamshin kujerun nan shi nake tunawa, to kun ga ba mota ce da zan rabu da ita ba. Kwanaki ta fara wata ƙara a saman injin, kas kas kas, aka buɗe aka tarar kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul-bawul ɗin injin, ya cinye a wuri ɗaya, tunda dama dole a canza sai na ce bari in sa na gudu irin wanda na daɗe ina sha'awa. An sa, kuma gaskiya ƙarar ta yi daɗi, in ta ɗau wuta a babban titi sai ka ji ta manna ka da kujera. Matsalar ita ce mai. Da can a doguwar tafiya lita ɗaya tana kai ni wajen kilomita 8, cikin gari wajen 6, yanzu cikin gari ko 4 ba na jin tana kaiwa. In tana tsaye a kunne tana rawa, warin ɗanyen fetur har yaji yake sa wa a ido, in na kunna AC ko na sa giya wani lokaci sai ta mutu, birki ma ya yi tauri a gosulo. Bakaniken ya ce in yi haƙuri sabon ƙarfe ne zai zauna. Yayana kuma ya daina min magana a kan motar gaba ɗaya, shirun nan nasa ya fi faɗa ciwo. Shin haka abin yake ko akwai abin da aka yi ba daidai ba? Amma don Allah kar wanda ya ce min in cire, ba zan cire ba.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba. Ɗan uwa wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, kamshaf na gudu da tsimin mai ba sa zama inuwa ɗaya. Ka nemo irin na asali ka mayar ka huta.

Oga Injiniya:
Baban Khalifa ka yi haƙuri, ba haka ake yanke hukunci ba. Abu Hanif ka rubuta mana tarihin motar kaf amma abin da ake buƙata ba ka faɗa ba. Kamshaf ɗin nan digiri nawa ne, wato tsawon juyin da yake riƙe bawul a buɗe? Akwai ƴar takarda da ke zuwa cikin kwalinsa, ka duba lambar da aka rubuta a ma'aunin 0.050, da kuma tazarar da ke tsakanin ƙullin shiga da na fita. Sannan babbar tambaya, an taɓa kwamfutar motar bayan an sa shi ko haka aka rufe injin aka miƙa maka makulli? Kuma maganar "zai zauna" ka ajiye ta gefe, kamshaf ba ya zama ya rage shan mai, yadda aka sassaƙa shi haka zai buɗe bawul har ya tsufa.

Abu Hanif:
Oga na gode. Na ga takardar, an rubuta 228 da 232, ɗayar lambar kuma 110. Kwamfuta ba a taɓa ba, bakaniken ya ce ita da kanta take koyo. Kuma mutumin nan shi yake gyara wa babanmu motar tun da, ba baƙon injin ɗin ba ne.

Oga Injiniya:
To ga matsalarka nan a fili. Kamshaf ɗin da kamfani ke sa wa irin wannan injin yawanci yana wajen digiri 200 ne ko ƙasa da haka, tazarar kuma 114 zuwa sama, kai ka tsallaka zuwa 228 a kan 110, wannan ba ƙaramin tsalle ba ne. Bari in yi maka dalla-dalla. A ƙarshen fitar hayaƙi akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga ya fara buɗewa alhali na fita bai gama rufewa ba, duka biyun a buɗe. Kamshaf na gudu yana tsawaita wannan lokacin da gangan, saboda in injin yana juyi da sauri hayaƙin da ke fita da ƙarfi yana jawo sabuwar iska da mai a bayansa, silinda ta cika taf, shi ne ƙarfin da kake ji a babban titi. Amma a sulo, wato in tana tsaye a kunne, iskar ba ta da wannan saurin, sai hayaƙi ya riƙa komawa baya cikin manifol, bututun da iska ke bi ta shiga silinda, wani ɗanyen mai da iska kuma su wuce kai tsaye salansa ba su ƙone ba. Rawar nan da kake jin daɗin ƙararta, injin ne ba ya ƙona mai daidai.
Sai kuma kwamfuta. Lafiyayyen inji mai kamshaf na asali yana zuƙar iska a manifol wajen inci 17 zuwa 21 a sulo, naka ina da tabbacin ya faɗo wajen 10 zuwa 12. Sensar da ke auna wannan zuƙa in ta ga ta yi ƙasa, a lissafin da kamfani ya zuba mata hakan na nufin direba ya taka totur, sai ta ƙaro mai. Sensar salansa ita kuma tana ganin iskar da ta wuce ba ta ƙone ba, sai ta kai rahoton cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta sake ƙarowa. Ya kamata iska kashi 14.7 ta haɗu da mai kashi 1, taka ta bar nan tuni. Koyon da bakaniken ke faɗa gaskiya ne amma yana da iyaka, gyaran ƴan kashi ne cikin ɗari, ba ta san an canza mata numfashin injin gaba ɗaya ba. Taurin birki ma daga nan ne, don busta ɗin birki da wannan zuƙar take aiki. Magani ɗaya ne, a kai ta wurin wanda ya iya rubuta wa kwamfuta sabon saiti, ya ɗaga sulo, ya ƙara taimin ɗin wuta a ƙasa, ya gyara jadawalin mai. Duk wani abu bayan wannan ɓata lokaci ne.

Mai Tsohuwar Mota:
Hmm wai a taɓa birenbos, wato kwamfutar motar. Ni dai Allah ya isa tsakanina da wani da ya ce ya iya wannan aikin, lafiya lau na kai masa motata don kawai wutar cak injin ta kama, ya jona laftof ɗinsa yana danne-danne yana min turanci, daga ranar motar ba ta ƙara tashi da bugu ɗaya ba, na koma ya ce ai wayarin ne, na kai wa mai wayarin ya ce ai birenbos ne, suka yi ta wasa da ni a tsakaninsu har sai da na sayi wata, kuma har yau in na kira shi ba ya ɗauka. Abu Hanif ka yi hattara, waɗanda suka iya abin nan da gaske ba su da yawa.

Sani Lantarki:
Kafin a je ga saiti, an taɓa salansa? Kuma tamostat, abin nan da ke daidaita zafin injin, yana ciki? In akwai ɗan yoyo a salansa kafin wurin sensa, iskar waje ce ke shiga ta ruɗa ta, mai ya ƙaru. In kuma an cire tamostat injin ba ya kai zafinsa na wajen digiri 90, kwamfuta tana ɗauka har yanzu da sanyi tana ta ba shi mai.

Abu Hanif:
Eh an canza bututun salansa na gaba ranar da aka sa kamshaf ɗin, na manta ban faɗa ba. Tamostat kuma tun zamanin baba aka cire, kuma da shi a cire take ba ni 8 ɗin nan, don haka ba na jin shi ne.

Oga Injiniya:
Sani maganarka ba ƙarya ba ce amma kana neman kai yaron nan daji. Ko ya toshe yoyo ya mayar da tamostat, 228 a kan 110 da saitin kamfani sai ta sha mai, wannan ba ra'ayi ba ne lissafi ne.

Sani Lantarki:
Oga ai ba a yin saiti a kan injin da ke yoyo, wanda zai yi saitin da karatun wace sensa zai yi aiki? A sa mata na'ura a ga lambar da ta ajiye tukuna, in P0172 ce mun san mai ya yi yawa, in P0300 ce tana tsallake wuta, a duba gyaran man da kwamfuta ke yi ko ya wuce kashi 10. Ni ban ma yarda an ɗaura kamshaf ɗin daidai ba, ko haƙori ɗaya aka kuskure a sarƙar taimin duk wannan alamun za ka gani.

Hajiya Maman Amira:
Ni ban san kan injin ba amma irin wannan ce ta faru a gidana, maigidan ya sa wa tasa wani abu wai don ta yi ƙarfi, tun daga nan kullum lissafin gida a karkace, in na yi magana ya ce ban gane ba. Ƙanena ka ji tsoron Allah ka duba maganar birkin nan kafin komai, kana ɗaukar iyali a ciki. Mai dai kuɗi ne, birki rai ne.

Direban Dare:
Tambaya ɗaya, yaya ƙafarka take tun da aka sa shi? Duk wanda na sani da ya sa irin wannan, kullum sai ya taka don ya ji ƙara. Kuma da me ka auna 4 ɗin, allurar tanki? Ka cika tanki har famfo ya tsaya, ka mayar da mita sifili, ka yi tuƙinka na kullum, ka sake cikawa, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Ka yi na gari daban na babban titi daban.

Abu Hanif:
Wallahi ba na gudu a cikin gari, ina zan samu hanyar? Abin da na lura dole sai na ƙara taka totur kafin ta ɗaga daga tsaye, da kuwa da ɗan taɓawa take tafiya. Da allura na kwatanta amma na san motata, ba sai na yi lissafi ba. Hajiya na gode, birkin yana kamawa, sai an danna sau biyu uku a jere ne yake tauri.

Oga Injiniya:
Ka ji ko, dole sai ka ƙara takawa. Bawul ɗin shiga yana makara wurin rufewa, fiston ya riga ya fara hawa yana turo wani kaso na iska da man da suka shiga baya, matsi ya ragu a ƙananan juyi, ƙarfin ƙasa ya tafi sama. Otomatik ce ko? To konbata ɗin giyarka na asali, wato abin da ke haɗa injin da giya, an yi shi ne don injin da ke da ƙarfi tun daga ƙasa, shi ya sa take mutuwa in ka sa giya. Masu irin kamshaf ɗinka suna canza shi da wanda ke barin injin ya hau kafin ya kama, shi kuma wannan yana ƙara shan mai a gari. Zan faɗa maka gaskiya, in an yi saiti mai kyau babban titi zai dawo kusa da da, wari zai ragu sosai, amma 6 ɗin cikin gari ka manta da ita. Kuma yau ɗin nan ka zaro sandar baƙin mai ka shinshina, in kana jin fetur to man yana wanke bangon silinda yana gangarawa ƙasa, ka juye shi, kar ka kashe ringi da metal a kan jiran wai zai zauna. Ka kwance filogi ɗaya ma ka gani, na san baƙi ƙirin zai fito.

Baban Khalifa:
To kun gani, saiti, konbata, baƙin mai, filogi, gobe kuma a ce sifirin ɗin bawul. Abin da na faɗa tun farko kenan. In ƙara yake so akwai matsakaici wajen 212 zuwa 218 da tazara mai faɗi, ya sa wannan ya zauna lafiya da yayansa.

Abu Hanif:
Baban Khalifa sake buɗe injin nan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ni ban ga laifin kamshaf ɗin ba tunda ga Oga ya ce da saiti zai gyaru. Na shinshina sandar, akwai ɗan wari amma ba sosai ba. Bakaniken na kira shi yanzu na karanta masa abin da kuka ce, ya ce shi bai yarda a taɓa kwamfuta ba, wai a canza nozul a sa ƙanana. Oga wannan fa, zai yi? Kuma in saitin ne, ta yaya zan gane wanda ya iya kafin in ba shi motar?

Mai Tsohuwar Mota:
Ba za ka gane ba sai ya gama da kai, nawa ma da farko cewa aka yi ya iya.